Muryar Mudi Ɗan Kamasho

Shekara ashirin da biyu Mudi ya yi yana kiran fasinja a tashar Funtuwa. In ya ɗaga murya ya ce "Malumfashi, saura mutum ɗaya!" har bakin titi ana jin sa. Da damina yakan ɓace kwana biyu, ya nome masararsa a hanyar Danja ya dawo.

Da muryar ta fara dushewa ba wanda ya damu, har shi kansa. Matarsa Barakatu ta yi ta dafa masa citta da kanumfari. Wata biyu ba sauƙi, ya je wani asibitin kuɗi a cikin gari. Likitan mai fara'a ne, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam Mudi, ihun ne ya yi yawa, ka huta." Ya ba shi maganin tari. A zuwa na huɗu aka ɗebi ɗan nama a maƙogwaronsa aka aika gwaji. Kullum ya tambaya sai a ce sakamako bai dawo ba. Ya daina tambaya, a ganinsa da akwai matsala ai da an neme shi.

Sai da tuwo ya gagara haɗiyuwa, ƙanensa Awaisu, malamin firamare, ya karɓo fayil ɗinsa ya kai shi babban asibiti a Zariya. Likitar da ta buɗe fayil ɗin ta daɗe tana duban wata takarda.

"Baba, wa ya yi maka bayanin wannan?"

"Wacce?" in ji Mudi, da ƙyar.

"Sakamakon gwajinka. Ciwon daji ne. Wata goma sha ɗaya ke nan da fitowarsa."

Mudi ya dubi Awaisu, ya dubi takardar. Ta dawo ke nan? Yaushe? To maganin tarin da aka ci gaba da ba shi fa, na mene ne?

An yi masa aiki aka cire maƙogwaron, aka bi da gashin wurin da na'ura na mako shida. Ya rayu, amma muryar ta tafi. Awaisu ya ɗauki lauya. Asibitin kuɗin suka ce sun gaya masa, shi ne bai dawo ba. Mai ajiye fayil ya ce shi aikinsa ajiyewa ne. Likitan kuwa ya koma wata jiha.

Abin da ya fi damun Mudi shi ne ya fara shakkar kansa. Ya tuna wata rana likitan ya yi wa nas magana da Turanci suna kallonsa. Ko ranar ce?

Lauyan ya zo har gida. "Malam, an gaya maka ko ba a gaya maka ba?"

Mudi ya girgiza kai. Can kuma ya buɗe tafin hannuwansa.

Har yanzu shari'ar na kotu. Shi kuwa ya koma tasha, ƙyalle ɗaure a wuyansa, yana ɗaure kaya a bayan motoci.