Shafuka Uku da Ba Su Cikin Fayil

A shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda aka kawo yarjejeniyar noman auduga ofishinmu na Funtua, ana saura 'yan makonni ruwan shuka ya sauka.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: idan kamfani zai ba manoma iri da taki su noma masa auduga, sai malamin gona na yankin ya karanta takardar, ya bayyana wa ƙungiyar manoma, shugaban sashe ya sa hannu a matsayin shaida, sannan kowane manomi ya dangwala yatsa. Ni ke riƙe da ƙauyuka shida a hanyar Dandume. Shugabar sashenmu Madam Rifkatu ce, mutuniyar Malumfashi, mace mai ƙarancin magana.

Wakilin kamfanin, wani Alhaji Tanimu, ya dire mini takardar a tebur, mai kauri, duk Turancin lauyoyi.

Ya ce, "Malam Sani, kada ka wahalar da idonka. Na tura maka fayil ɗinta a waya. Zuba wa manhajar nan da ke tsamo muhimman wurare, yanzu za ta gama maka, har da Hausa."

Na san manhajar, da ita nake karanta dogayen rahotannin ma'aikata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ban taɓa ganin mai kawo takarda yana tausayin idon mai karatu ba.

Da ya tafi na zuba mata fayil ɗin. Ta jero mini irin da za a bayar, lokacin feshi, da inda za a kai auduga, kowanne da lambar shafinsa. Babu abin ƙi. Na tambaye ta me takardar ta ce game da gonar kanta, ta amsa cewa ba ta ga komai ba. Na sake tambaya ta wata fuska, amsar ɗaya. Sai na fara zargin ko kamfanin yana da hanyar rufe mata baki.

Na kai wa Madam. Ta duba wayar, ta ce, "Shafi nawa ta ce ta karanta?"

Ban ma lura ba. Na duba can sama: arba'in da ɗaya.

"Ƙirga na hannunka."

Na lashi yatsa na ƙirga. Arba'in da huɗu. Ukun suna can baya, bayan taswirar ƙauyuka, da ƙananan haruffa. Muka ɗauki hotonsu muka ba manhajar. Nan take ta ja layi ƙarƙashin sakin layi biyu. Na farko: duk gonar da aka rubuta, ba za a shuka komai a cikinta ba sai audugar kamfani, shekara biyar. Na biyu: idan amfanin bai kai yadda suke so ba, kamfani zai sa wani ya noma gonar har wa'adin ya cika.

Mutanena da yawa gona ɗaya suke da ita. Bana auduga, baɗi masara ko dawa, wake a tsakanin kunyoyi. Da wannan ake ciyar da gida.

Washegari da hantsi Alhaji Tanimu ya dawo karɓar sa hannu. Madam ta ce masa kawai, "Alhaji, fayil ɗinka da takardarka ba su zo ɗaya ba."

Ya yi dariya. "Ai sakatariya ce, ƙila tsohon fayil ta tura."

Babu wanda ya faɗa masa inda bambancin yake. Amma yana magana, hannunsa ya ɗaga taswirar, ya tsaya daidai kan shafukan.

Madam ta mayar da biro cikin jaka. Ni kuma na zaga ƙauyukan a babur, na karanta wa manoma shafuka ukun da bakina, kalma kalma. Bayan mako biyu kamfanin ya dawo da sabuwar takarda ba sharuɗɗan nan, ƙauyuka huɗu suka shiga. Iri ya zo a makare, kuma akwai waɗanda har yau suke cewa ni na ja musu. Ban musa ba. Ko da gangan aka cire shafukan, ba ni da shaidar da zan kai gaban kowa.

Ku da kuka shigo aikin nan da waya a hannu, ku yi amfani da manhajar, ni ma ban daina ba. Ba ta yi mini ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta karanta. Amma manomi ba a waya yake dangwala yatsa ba. Kafin ku tambaye ta me takarda ta ƙunsa, ku tambayi kanku wa ya zaɓi abin da za ta gani.