Gyaɗar Laraba da Makullin Gado

Har gobe ban manta da ranar da wata mata daga ƙauyen Shanono ta tsaya a gabana ta hana ni karɓar makulli ba. Ku da kuka kama aikin nan a bayana, ku saurara, don wata rana ku ma za a miƙo muku irinsa.

Aikina a hostal ɗin mata na makarantar koyon ungozoma shi ne tsaron ƙofa. Ban yi boko ba, ba na karanta sunan da ke jikin kati, amma na san fuska, na san takalmi, na san wadda ta fita da wadda ta dawo. Sama da ni akwai Hajiya Metiron. Ƙa'ida kuwa ita ce ɗaliba ta biya kuɗin gado na shekara gaba ɗaya, ba a karɓar rabi. Wadda ba za ta biya ba, ranar da aka tsayar ta fito da kayanta, in duba katifa da loka, ta ba ni makulli kafin azahar. Da zarar na kai shi ofis, gado ya zama na mai jiran layi, kuma ba a dawowa a wannan shekara, ko 'yar wane ce ke.

Shekarar da aka cire tallafin mai, komai ya yi tashin gwauron zabo. Makaranta ta ƙara kuɗin gado, don injin ruwa da janareto ba iska suke sha ba. Masu gidaje a ƙauyukan da ke kewaye suka ga kasuwa ta buɗe. Ɗakin da ake zuba harawa sai a share shi, a shafa farar ƙasa, a ce na haya ne, kuma a yarda ka biya kashi biyu. Yara suka yi ta fita. Ni dai karɓar makulli nake, ba na tambaya.

Ranar ƙarshe, da hantsi, ana zafin bazara ana jiran ruwan shuka, sai ga Saudatu, 'yar ajin ƙarshe, da jakarta a ka. Yarinya ce da ban taɓa ɗaga wa murya ba, ni kuwa ba a cika tsira daga bakina ba. Ubanta ya rasu, uwar ce ke riƙe da karatun da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Uwar ke biye da ita, wata siririya mai suna Laraba. Saudatu ta miƙo makulli, na miƙa hannu, sai uwar ta dafe shi.

"Yaya, dakata. Ban ga ɗakin da za ta koma ba tukuna."

Na ce, "Baiwar Allah, azahar ce iyaka."

"Ke 'yar sanda ce?"

"Na fi 'yar sanda. Ni ba a ba ni na goro."

Ta yi dariya, amma ba ta ɗauke hannu ba. Saudatu ta ce, "Inna, na riga na lissafa a waya, haya ta fi sauƙi. Ki bar wahalar da kanki."

Laraba ba ta kiran sunanta, 'yar fari ce. Ta dube ni ta ce, "Kin ji wannan. Wayar tata ta taka hanyar da ƙafa?"

Ban saba roƙon alfarma ba, amma na shiga wurin Hajiya Metiron na faɗa mata. Ta cire tabarau ta ce, "Iya Kande, yau ke ce ke neman a ɗaga ƙafa? Duniya ta zo ƙarshe." Na ce ranki ya daɗe, matar ba rangwame take nema ba, gani take so ta yi. Ta ce, "Zuwa la'asar. Kiran salla yana tashi, makulli ko rasit."

Laraba ta bar 'yarta a wurina, ta tafi ita kaɗai cikin rana. Ba ta hau acaɓa ba. Ta bi ta gonaki har ƙauyen da ɗakin yake, ta dawo bayan azahar ƙafafunta fari fat. Ta sha ruwa, ta zauna a tabarmata, ta kwance ƙullin gyaɗa daga haɓar zane.

"Ni ban san biro ba," in ji ta. "Kowace ƙwaya kwalbar mai ɗaya ce, yadda nake sayarwa. Nan hostal, nan haya."

Ta zuba kuɗin gado a dama, tsibi babba. Ta zuba kuɗin haya a hagu, ya yi ɗan ƙarami. Sai ta shiga ƙara masa: la'adar dillali, mai garuwa tunda rijiyar gidan tana ƙafewa da rani, cajin waya a shago, acaɓa ranar da aka yi ruwa hanya ta yi laka, kwaɗo da sakata don ƙyauren na langa-langa ne. Duk ta tambayo farashi da bakinta. Tsibin hagu ya yi ta girma, ni kuwa raina ya yi ta daɗi, don hostal nake so ya ci.

Sai ta juyo gare ni. "To Yaya, ke ma faɗi naku. Kada ki ɓoye, Allah yana gani."

Dole na faɗa. A hostal ba a hura itace, sai risho ko gas, ga kananzir ya zama zinariya. In an yi hutu sai kowa ta kwashe kayanta ta kai gida, kuɗin mota zuwa da dawowa. Ga kuɗin shara da na gyaran famfo da ɗalibai ke haɗawa. Tana ji tana ƙara ƙwaya a dama. Da ta gama, muka duba mu uku. Haya ta fi sauƙi. Ba da yawa ba, amma ta fi, kuma kashi biyu ake biya. Lissafin yarinya ya fito daidai.

Saudatu ta ce a hankali, "Kin gani ko, Inna?" Ta sake ɗaukar makulli.

A daidai nan sai ga ma'aikaciyar asibitin da ke jikin katangarmu ta leƙo. "Iya, an kawo mai naƙuda, a turo 'yan ajin ƙarshe biyu." Ga waɗanda ba su sani ba, ba a barin ɗaliba ta zauna jarrabawar fita sai ta karɓi haihuwa da hannunta iya adadin da aka yanka mata, naƙuda kuwa ba ta da ranar kasuwa. Na buga ƙarfe. Yara biyu suka fito a guje suna ɗaura farin kaya. Saudatu ma ta zabura ta miƙe, sai ta tuna nata kayan suna ƙasan jaka a ɗaure. Ta koma ta zauna.

Laraba ta ga wannan miƙewa da wannan zama. Sai ta tambaye ni:

"Waɗanda ke haya fa, wa ke buga musu ƙarfe?"

Na ce, "Waya ake musu, in akwai caji. Kafin su sami acaɓa, an yanke cibi."

Ta sa hannu ta haɗe tsibin biyu wuri ɗaya. "Ashe ban gama ƙirga ba. Ni ba ɗaki na zo saya ba, ungozoma na zo saya."

Dama tun da safe ta zo da buhun gyaɗa ta ajiye a tasha, da niyyar sayar da rabi ta biya kashin farko na haya. Ta ce a sayar duka. Saudatu ta fashe da kuka. "Inna, irin shuka ne fa! Me za ki sa a gona?"

"Gona ba ta gudu. Bana ƙanin ubanki ya ara ya sa gero. Shekarar ƙarshe kuwa ba ta dawowa. Tashi, kina ɓata mana rana."

Ladan yana gyaran murya suka dawo da rasit. Hajiya Metiron ta karɓa, ta dubi matar nan daga sama har ƙasa, ta tashi ta ba ta kujerarta ta ce ta huta. Ban taɓa ganin ta yi wa kowa haka ba.

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. Wannan shekara Laraba ba ta soya gyaɗar kanta ba, aikatau ta yi, tana ɓarar ta wasu ana biyan ta. Saudatu ta san haka, kuma ko sau ɗaya ban buga ƙarfe ta zama ta biyu a ƙofa ba. Ta fita da sakamakonta, yanzu tana karɓar haihuwa a can wajensu.

Da za ta tafi ranar nan, Laraba ta tsince gyaɗarta ƙwaya-ƙwaya, ta bar mini tafi ɗaya. Na ce ni ba na karɓa. Ta ce, "Ai ba ke na ba wa ba, tabarmar na ba wa," ta wuce abinta. Da ruwa ya sauka na tura su a ƙasa bayan ɗakin ƙofa. Gyaɗar nan da kuke tuge mini duk kaka ba ku tambaya, jikokinta ne.

Ban ce muku hostal ya fi haya ba. Na ga waɗanda haya ta rufa wa asiri, musamman masu goyo. Abin da na koya shi ne, mutanen da ke kawo mana 'ya'yansu sun san abin da suka sayar kafin su iso ƙofar nan, mu ne ba mu sani ba. Tun daga ranar, in yarinya ta miƙo mini makulli, hannuna yana baya. Sai na tambaye ta tukuna: kin taka hanyar da ƙafarki?