Malamin da Ya Tare a Motata

Ni direba ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga motata tsakanin Katsina da Maraɗi ya san ba tuƙi kaɗai nake yi ba, labari nake ɗorawa a kai gyara. Na taɓa ba wani ɗan duwan, wato kwastan na tsallake, dariya har ya sara mini maimakon ya buɗe but. Wata tsohuwa kuma da gangan ta wuce garinsu don ta ji ƙarshen labarin kurar da ta tare ni a Gangara tana neman a rage mata hanya. Amma duk cikin masu saurarona babu kamar ɗiyata ta uku. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunan ba, Uwata nake ce mata. Tun tana rarrafe take yi mini dariya. Labarin da ta ji sau ɗari, in na sake shi sai ta kwanta kamar yau aka ƙirƙire shi.

Shekarar korona a zaune ta same ni. An riga an rufe boda tun kafin cutar ta zo, ga shi kuma aka ce kowa ya zauna gida. Na ajiye mota ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu a Jibiya, har kaji suka fara shawarar wadda za ta yi ƙwai a kujerar direba.

Uwata tana ajin ƙarshe na sakandare. Dab da rufe makarantu ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, ta kuma ci da kyau. Saura jarrabawar kammalawa, wadda aka ɗage babu rana. Wajen zaɓen jami'a kuwa Katsina muka sa, wato ni na zaɓa, ita ta danna. Na gama tsara komai a kaina. Kullum ina wucewa ta nan, in tsaya bakin ƙofa in yi hon, ta fito ta karɓi fura da dambun uwarta, in ba ta labari biyu, in wuce. Karatu ke nan mai albarka.

Sai aka ce za a riƙa ba 'yan ajin ƙarshe darasi ta rediyo. Rediyon gidanmu kuwa ƙannenta sun daɗe da yi mata fiɗa. Uwar yara ta ce, "Malam, ba ga mota nan tana zaman banza ba? Akwai rediyo, akwai gilashi, yara ba za su dame ta ba."

Na ji daɗin wannan shawara, don ban san abin da ke tafe ba. Kowace safiya in wanke mota, in tayar da ita saboda batir, in zauna a kujerata, Uwata a gefe da littafi a cinya. Malamin lissafi bai taɓa yi mini komai ba, mutumin kirki ne, yana fara magana nake barci. Malamar Turanci ma Allah ya saka mata. Fitinar ta zo ne da malamin ilimin halittu.

Murya gare shi kamar an shafa mata man shanu. Rabi Turanci, rabi Hausa, kuma ba ya misali sai da abin da ke tsakar gidanka. Ranar farko ya ce akuya ta fi ɗalibai da yawa hankali, domin in ta ci abu da safe, sai ta kwanta da rana ta dawo da shi ta sake bita. Uwata ta kwashe da dariya har da dukan gaban mota. Wannan dariyar, mai dukan abu da tafin hannu, tawa ce. Ni na rene ta. Ban taɓa jin an yi wa wani ita ba, sai ga shi an yi wa mutumin da ko fuskarsa ba mu sani ba, a cikin motata, da batir ɗina.

Na ce, "Wannan ai tsohon zance ne. Ni akuyar da na sani a ƙauyen Kusa har ƙidaya take yi."

Ta ce, "Baba, bari in ji."

Kalmomi ne 'yan kaɗan, amma da za a ɗora su a sikeli sun fi buhun gero.

Ban haƙura ba. Duk abin da ya faɗa sai in ɗora nawa. Ya yi bayanin yadda jini ke zagaya jiki, na ce ai kamar fetur ne da famfo, na fi shi sani. Ya yi maganar tsutsar ciki, na kawo labarin wadda aka ciro wa wani yaron mota, aka auna ta daga tasha har ta leƙa Nijar ba fasfo. Da can wannan labari kan sa ta ƙware don dariya. Ranar nan murmushi ta yi mini irin wanda ake yi wa mara lafiya, idonta na kan rediyo. Ba a jima ba ta ce, cikin ladabi, ko zan riƙa tayar mata da motar in ɗan sha iska a waje.

Haka aka sauke direba. Na koma kan benci. Ba a daɗe ba ƙawayenta na unguwa suka ji labari, suka riƙa zuwa da takunkumi a fuska suna cika bayan mota. Uwar yara ma, wadda ta ce ita tsintar shinkafa kawai ta fito yi, sai ga ta da faranti a kujerata. Rabon motar nan da ta cika haka tun kafin a rufe boda. Ina zaune ina kallon ta tana girgiza da dariyar mata, ba na jin abin da aka faɗa, sai dai in ga kawuna sun kife.

A cikin gida kuma babu abin da ake ji sai "Malam ya ce". Malam ya ce a rufe randa. Malam ya ce a daina ɗaure tumaki kusa da madafi. Shekara nawa ina faɗin a rufe randar nan babu wanda ya ji, amma da rediyo ta faɗa har faifai sabo aka saya. Na shiga ƙera mutumin a raina. Wata rana in yi shi gajere mai sanƙo, wata rana mai haƙori ɗaya. Na ce wa uwar yara duk mai murya irin wannan ba ya da wuya, kansa a kan kafaɗa yake zaune.

Ta ce, "Kai da ke da wuya, mi ka koya mata?"

Wata safiya ina shan koko uwar yara ta zo ta zauna kusa da ni, irin zaman da na san da magana a bayansa.

"Uwar taka ce ta aiko ni. Likitan dabbobi take son karanta."

"Likitan mi?"

"Ka ji ni. Kuma babu shi a Katsina, sai Zariya. An ce ana iya canzawa a wurin masu kwamfuta a Katsina, amma sai ta je da kanta ta dangwala yatsa, kuma an kusa rufewa."

Na ajiye kokon. Na ce, "Wato in haifi ɗiya, in sa mata sunan uwata, wani can ya zo ta eriya ya tura ta Zariya taɓa goshin awaki? Wa zai kai mata fura?"

"A Zariya ba Fulani ne?"

"Ba irin tamu ba ce."

"Malam, ba fura ce ke damun ka ba, mu bar wa Allah sani. In ka amince ka kai ta, in ba ka amince ba ka faɗa mata da bakinka. Ni ba zan kai wannan saƙo ba."

Na kasa kallon yarinyar in hana ta, na kuma kasa yarda. Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda kan faɗo wa mutum in zama ya yi masa yawa. A ƙarshen mako malamin yakan buɗe layi a kira shi da tambaya. Na ce tunda maganarsa take ji, to shi zai kwance abin da ya ɗaura. Ai ko wane ne shi, in dattijo ya tambaye shi a bainar jama'a ko ya dace ɗiya mace ta yi nisa da iyayenta, dole ya ce bai dace ba.

Ranar na tayar masu da mota, na zame na tafi tasha, wadda babu kowa a cikinta sai tantabaru. Na sa takunkumi biyu, na toshe hanci, na yi ta kira har layi ya shiga. Na shaƙe murya na ce ni wani tsoho ne daga Bugaje, maƙwabcina ne ke da ɗiya, ga abin da take so, ga nisan wuri.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "To Baba, shi maƙwabcin naka ya tambayi yarinyar dalilinta?"

Na ce, "Ai shi babba ne."

Ya ce, "Allah ya ƙara girma. Ni darasi aka ba ni, ɗiya kuwa tasa ce, ba zan raba masu gardama ba. Sai dai ka gaya masa, tunda ya iya nemo lambar gidan rediyo, ɗakin ɗiyarsa ya fi nan kusa, kuma ba a cin kati."

Na kashe waya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar ta yi daɗi. Da ni na faɗe ta, da na shekara ina maimaitawa.

Abin da ban lissafa ba, muryar da ta yi shekaru tana kiran fasinjan Maraɗi ba ta ɓuya a bayan takunkumi. Kafin in kai gida duk Jibiya ta sani. Mai shayi ya ɗago ludayi ya ce, "Direba, a gaida tsohon Bugaje." Mai faci ya ce in maƙwabcin nawa na neman kati ya zo ya ranta masa. Uwar yara na same ta a zaure ta dafe bango, hawayen dariya na zuba, ta kasa ko yi mini sannu.

Uwata ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ƙawayenta sun watse, tana zaune a mota ita ɗaya, rediyo a kashe. Na buɗe ƙofa na shiga kujerata. Muka zuba wa darbejiya ido.

Ta ce, "Baba, duk jihar Katsina ka tambaya, ban da ni."

Na ce, "To ga ni. Mi ya sa?"

Ta yi bayani a hankali. Ta ce ranar kasuwa takan ga mutane a kara, wurin cinikin dabbobi, suna sayen maganin dabbobi da launin kwalba, wannan ja ne, wancan ya fi ƙarfi don ya fi ɗaci. Ta ce tana son ta san abin da ke cikin dabba tun daga baki har wutsiya, kuma in Malam yana bayani ji take kamar an buɗe mata taga.

Na ce, "Da bai faɗa ba, da kin so?"

Na so ta ce e. Na so ta ce tun tana ƙarama abin ke ranta, ko ta ce daga wani labarina ta ɗauko. Sai ta ce, "Da ban ma san akwai shi ba, Baba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ni na koya mata faɗin gaskiya, duk da ban cika amfani da ita a labari ba.

Na ce, "Zariya da nisa, Uwata."

Ta ce, "Ai kai direba ne."

Da aka sassauta dokar fita na kai ta Katsina. Masu kwamfuta suka ce iyaye su tsaya waje. Na tsaya a rana ina addu'ar wutarsu ta ɗauke, na kuma yi istigfari, na sake yin addu'ar. Ta fito tana goge babban yatsa ta ce, "An canza." Na ce madalla, da muryar wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

A dawowa na ɗauki fasinja kaɗan, yadda doka ta ce. Ba mu bar gari ba na sanar da su cewa wadda ke gaban mota likita ce mai jiran gado. Ban ce ta mene ne ba, don ba a tambaye ni ba. Wata mata har ta fara kwance ɗaurin ƙafarta za ta nuna kumburi, sai Uwata ta juya ta ce, "Na dabbobi ne, Inna, kuma ko farawa ban yi ba."

Matar ta mayar da ɗaurinta. Amma wani dattijon Bafulatani da ke can lungu ya miƙe zaune kamar an kira sunansa. Ya ce yana da saniya da ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura ta hagu. Uwata ta ce ita ba ta isa ba da magani ba, ya nemi likita yau ɗin nan, amma mi saniyar ta ci? Shi ke nan. Na jawo labarin kurar Gangara, babu wanda ya waiwayo. Na yi tari, na yi hon babu dalili. Su dai suna cikin tumbin saniya har muka hango Jibiya.

Da zai sauka ya leƙo ta taga ya ce mata, "Yarinya, wanda ya koya miki wannan, Allah ya yi masa albarka."

Ta ce amin. Na san sarai ba ni ake nufi ba. Amma dattijon ni yake kallo, saboda haka na gyara hula na amsa amin ɗin da ta fi ta kowa ƙarfi.