Babanku Ya Gaji

Ɗiyata Hadiza tana kwance a gindin dogon yaro tana bitar Ingilishi, sai ta ɗago kai ta ce, "Mama, wai in mutum ya sha giya ya bugu sosai Turawa "wasted" suke cewa. Malaminmu ya ce ma'anarta abin da ya tafi a banza."

Mahaifiyata, Inna, tana gefe tana ɓarar gujiya. Na ga hannunta ya tsaya.

Ni kuwa nan take hankalina ya koma garinmu Kalfu, ina ƴar shekara tara. La'asar sakaliya, gero ya yi kai, Baba na dawowa daga kasuwar garin Tawa. Jakinsa ne ya san hanya, shi yana bisa yana rangaji yana waƙa. Inna takan tare shi a bakin zaure ta riƙe shi, ta ce mana, "Ku yi shiru, babanku ya gaji."

Sai da na girma na gane warin da ke tare da gajiyar nan.

Hadiza ta ce, "Kaka, mu da Hausa mi ake cewa?"

Na zaci Inna za ta ce ya yi tatil, ko ya yi mankas.

Inna ta ci gaba da ɓara, ta ce, "Sunaye na nan barkatai. Amma mutumin da kike son ya tashi gobe da mutuncinshi, ba ki ce mishi ya tahi a banza."

Baba ya daina sha da kansa. Har ya rasu bai taɓa jin kunyar haɗa ido da mu ba.

Ku fa, da wace kalma aka rufa wa wani asiri a gidanku?