Zoben Goggo Hassi, aikin ƙarshe na Baba Ɗanjuma

Da hantsin Talata ina hura gawayi a rumfarmu ta bakin kasuwar Kiru, Sani ɗan maigidana Baba Ɗanjuma ya tsayar da babur, bai ko kashe shi ba. Ya ce, "Lawan, rufe rumfa. Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, amma hannuna bai daina jan zuga-zugi ba. Sai da Sani ya dafa kafaɗata sannan na saki.

Baba Ɗanjuma maƙerin fari ne, azurfa da zinariya yake aiki. A gabansa na tashi. Ban yi nisa a boko ba, ɗan abin da na iya da kallon hannunsa na iya shi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. In na ɓata aiki sai ya mayar da shi wuta, ya miƙo mini, ya ce, "Sake, Lawan. Gawayi bai ƙare ba."

Yana da ɗabi'ar da wasu ke ganin iyayi ce. Ba ya ɗora dutse a zobe sai ya san hannun da zai sa shi. In matar ba ta fita, sai ya aiki uwargidansa Inna Rabi ta dubo masa: tana daka? Tana wanki? Tana da goyo? Dalilinsa shi ne zaman dutse iri biyu ne. Ko a kwantar da shi cikin ƙarfe, ya zauna lafiya amma haskensa ya ragu, ko a ɗaga shi bisa 'yan farata, haske ya shige ta ƙarƙashinsa ya yi ta walwali, sai dai yana kama mayafi, yana yagar jariri, in ya bugi taɓarya kuma ya fice. Matanmu masu aiki ne, saboda haka kusan kullum kwantarwa yake yi. Yakan ce, "Ni hannu nake yi wa aiki. Dutse baƙo ne."

Bara da kaka wata dattijuwar Bafillatana, Goggo Hassi, ta zo daga rugarsu ta wajen Doguwa. Ɗanta mai fataucin shanu ya sayo mata zoben zinariya a Makka, da ƙwayar daiman, wato lu'ulu'u, guda ɗaya, ga shi ya ƙi wuce gaɓar yatsanta. Dole a narke shi a sake. Baba ya dubi tafin hannunta, duk ya yi kanta, ya ce zai kwantar da dutsen.

Ta ce, "A'a, Kaɗo. Ɗaga shi."

Ya ce, "Goggo, daka ɗaya za ki yi ya faɗa cikin gero, kaji su yi arziki."

Ta ce, "Wa ya ce maka zan yi daka? Tun ban kai tsayin taɓarya ba nake yi. Yaro ya ce in huta, surukaina kuwa da sun gan ni zaune sai su turo turmi gabana. Ɗaga shi yadda duk wadda ta hango hannuna za ta san an rufe wannan ƙofar."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Na ji. Za a ɗaga."

Abin da Goggo ba ta sani ba, hannun Baba ya fara rawa tun damina. Ya ƙera zoben, ya tayar da faratan, amma da ya ɗauki dutsen da hantsaki sai na ga bakin hantsakin yana kaɗawa. Ya ajiye. Washegari ma haka. Dutsen bai fi ƙwayar dawa ba, amanar mutane ce, in ya yi tsalle cikin turɓayar kasuwa shi ke nan. Na ce, "Baba, ko a kwantar? Wannan ya fi sauƙi, kuma ya fi tsaro." Ya ce, "Na riga na amsa mata. Ba don hannuna ya gaza zan mayar da ita turmi ba."

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya tashi daga buzunsa, wurin da ban taɓa ganin wani ya zauna ba. Ya ce, "Zauna. Idona, hannunka." Ban taɓa riƙe daiman ba sai ranar. Ya suɓuce mini ya faɗi kan ƙyallen, na sake ɗauko shi da hantsakin. Ina lanƙwasa faratan ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "A hankali. Tsaya. Ƙara kaɗan." Da na gama ya goga zoben a hularsa, wani farce ya kamo zare. Ya ce in ƙara goge farce ɗaya. Ya sake gwadawa, ya wuce sumul.

Da Goggo ta dawo ta zura shi, ta ɗaga hannu a rana, ta ce, "Kaɗo, ashe kana jin magana." Ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya yi." Bai sake hawa buzun ba har ciwo ya kwantar da shi.

Ranar sadakar uku na shiga gidan Baba da itace. A tsakar gida na tarar da Goggo Hassi a bakin turmi, tana dakan gumba, zoben ɗaure a haɓar zaninta. Tun da asuba ta taso daga Doguwa. Inna Rabi tana ce mata ta bari, ga yara nan. Ta ce, "Ƙyale ni. Ya ɗaga mini dutse na huta. Yau kam sai na daka masa."

Allah Ya jiƙan Baba Ɗanjuma, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Rabi da Sani da sauran 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ya tsare musu zumuncinsu, Ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.