Hadarin da Ya Biyo ta Kan Gidan Sjoerd

Tun da maƙwabcina Sjoerd Dijkema ya sayar da shanunsa, ya rasa inda zai sa kansa. Ƙarshe ya sayi ɗan jirgin nan marar matuƙi mai kyamara, ya shiga farautar walƙiya. Da hadari ya haɗo daga teku, sai ka ga tsoho da farin gashi yana sauri kamar yaro. Yakan tsaya a gefen hadarin ya tashi jirgin, ya sauke shi kafin iska ta iso. Mun yi masa dariya har muka gaji, amma hotunansa, gaskiya, suna da kyau.

Matarsa Aukje ce ke ba ni tausayi. A gidan rufin ciyawa ta tashi, irin wanda suke ciki yanzu, kuma a nan Friesland ta ƙasar Holan tsofaffi ba sa wasa da tsawa: kowa ya sa takalmi da rigar ruwa, a zauna tare a kicin, cikin shirin gudu waje ko da aradu za ta faɗa wa rufin. Shekara da shekaru tare suke wannan zaman. Yanzu ita kaɗai take yi.

"Tsohon nan, kai kam wata rana gawayinka za a kawo mini," takan ce masa.

"To ai kin huta da sayen akwatin gawa," in ji shi.

Wata la'asar ta bazara hadarin da ya daɗe yana jira ya zo, baƙi ƙirin, walƙiya ko'ina. Yana kan tudun tare ruwan teku, jirgi na sama, sai hadarin ya juya ya nufi ƙauyenmu. A fuskar wayarsa, ta kyamarar jirgin, ya hango gidansa, ɗan mitsitsi, tagar kicin da fitila a kunne. Daga baya ya gaya mini bai taɓa sanin haka gidan yake zama shi kaɗai a fili ba. Kunya ta kama shi. Ya sauke jirgin a ciyawa, bai ko tsaya ɗaukarsa ba, ruwa ya lalata shi.

Ya shiga gida a jiƙe sharkaf. Aukje na zaune a kicin da jakarta a cinya.

"Ka samu hoton?"

"Ban samu ba."

Ya sunkuya zai kwance igiyar takalmi. Ta jawo masa kujera kusa da tata.

"Bar shi a ƙafarka," ta ce. "Bai wuce ba tukuna."