Bangon Ilu Marini

A marinar Kurfi an yi wani marini, Ilu, gajere, hannuwansa sun yi shuɗi har gwiwa, ko wankan Sallah ba ya fitar da su. Makarantar boko bai san ƙofarta ba. Amma fa yana da bango.

Bangon rumfarsa ne. Can sama ya kafa ƙyalle mai duhun shuni, can ƙasa wani mai haske-haske. Kullum da hantsi sai ya yagi farin ƙyalle, faɗin yatsa biyu, ya tsoma a rijiyar rininsa sau uku, ya shanya, ya kafa shi da ƙaya kusa da na jiya, sama ko ƙasa gwargwadon yadda ya kama. Muddin ƙyalle na tsakanin waɗancan biyun, ya hau ko ya sauka, Ilu ba ya taɓa rijiya. Maƙwabcinsa Sabitu kuwa, launi na ɗan gocewa zai antaya toka, gobe ya ƙara baba, jibi ruwa, har rijiyar ta rasa me ake so da ita.

"Malam Ilu, yau bangon ya yarda ka ci tuwo?" in ji Sabitu.

"Ya yarda. Ya ce in gaida rijiyarka da jiki."

Daminar 1958, Alhaji Tukur na Dutsin-Ma, ɗan kasuwar da rabin aikin Ilu nasa ne, ya iso kan jaki da zannuwa talatin, yana son su kafin kasuwa ta ci. Ilu ya dubi bango ya ce ba zai tsoma ba.

"Don mi?"

"Dubi nan, Alhaji. Kwana bakwai suna gangarowa kamar matakala."

"To wanne ya wuce na ƙasan?"

"Babu. Amma lafiyayyar rijiya rawa take, yau sama gobe ƙasa. Wadda ta miƙe hanya ɗaya tafiya za ta yi."

Alhaji ya kumbura. Ya ce Dutsin-Ma ma da marina, kuma in ya juya jakin nan, Ilu ya gama ganin zarensa. Sabitu har ya fara goge bakin rijiyarsa yana murmushi.

Ilu ya ɗauko ƙwarya. Ya ce, "Zauna in kwashe ta a gabanka. In ba a ga komai ba, ni zan kora maka jakin."

Aka yi ta kwasa da ƙwarya har la'asar, 'yan marina sun kewaye suna tsiya. Da aka kusa gindi sai ga saiwar durumi, kaurin ɗan yatsa, ta tsaga lason da aka shafe rijiyar da shi, ruwan damina na tsattsafowa ciki yana tsinka rinin.

Alhaji ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce, "Da an tsoma fa?"

"Da wanki biyu sun koma kalar toka, matan da suka saya su biyo ka da muciya."

"Kwana nawa gyaran?"

"Goma, da sabon haɗi."

"Kasuwa biyu kenan, ɗan nema!"

Ya tashi ya nufi jaki. Sai ya kwance ƙunshin zannuwan ya dire a rumfar Ilu, ya ce a ba jakin ruwa, shi kuma a nemo masa fura, tun safe yake shan wari a banza.